Babi na Shida: Mai Moɗa a Bayan Mai Garuwa

Saura kwana tara ƙaramar Sallah aka kira ni wani shagon dillancin atamfa da shadda a Kantin Kwari. Wanda ya san kasuwar a irin wannan lokaci ya san ba a ratsa ta sai da kafaɗa. 'Yan dako da diloli a ka, baƙi daga Maraɗi da Damagaram da Injamena, kowa na sauri ya gama ya kama hanya kafin shan ruwa. Na tarar da mutum huɗu a tsaye gaban kanta, an riga an ɗaure musu kaya, ba abin da suke jira sai na'urar POS ta fitar da takarda. Yaron da ke riƙe da ita ya ɗaga ta sama, ya matsa bakin ƙofa, ya dawo. Can ta ƙi. Wata hajiya ta miƙo wayarta ta ce, "Ni dai an cire mini kuɗina, ga alat nan."

Mai shagon ya ja ni gefe, ransa a ɓace. "Malam, wata biyu ke nan da na ninka kuɗin intanet ɗin nan. Aka ce mini layin ya ƙara faɗi. To ina faɗin ya tafi?"

Na ce, "Alhaji, faɗin yana nan. A ba ni izini in duba rautar, mu ga wa ke cin sa."

Saboda sabis ɗin waya ba ya shiga can cikin ginin sosai, komai na shagon a kan wayfai ɗaya yake: na'urorin POS biyu, kwamfutar lissafi, kyamarorin tsaro da ke tura hoto dare da rana zuwa wayar Alhaji, da wayoyin yaran shago sun fi goma. A lokacin da hajiya ke tsaye, wayoyi uku na ɗora hotuna da bidiyon da aka ɗauka tun safe zuwa ma'ajiyarsu ta intanet, kyamarori na nasu turin, kwamfutar kuma na sauke sabuwar manhaja. Saƙon cinikin hajiya, wanda girmansa bai kai na hoton atamfa guda ba, yana can baya yana jiran duk waɗannan su wuce.

Abin da wannan babi ya ƙunsa ke nan. A yawancin shaguna da ofisoshi da asibitocin da na shiga, saƙon da ke ɗauke da abincin gidan shi ne mafi ƙanƙanta a kan layi, kuma shi ne ake bari ya bi sahu ɗaya da manyan kaya. Gyaran wannan ya fi ƙara faɗin layi sauƙi da arha, amma sai mai wurin ya zauna ya faɗi da bakinsa abin da ya fi masa muhimmanci.

Faɗi daban, jira daban

Idan kamfanin intanet ya ce ya ba ka megabit 20, yana nufin yawan bayanan da layin zai iya ɗauka a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan shi ne faɗi. Kada a rikita shi da MB ɗin da muke saya a waya: bit 8 ne ke yin bayit ɗaya, don haka layin megabit 8 ne zai sauke MB ɗaya a daƙiƙa. Sannan mafi yawan layukan da ake sayar wa shaguna da gidaje suna da fuska biyu da ba su yi daidai ba. Ta saukewa faffaɗa ce, ta turawa kuwa siririya ce. Lambar da ake tallatawa ta saukewa ce, cunkoson kuwa galibi a ta turawa yake.

Bayanai ba sa tafiya a dunƙule. Ana yanka su ƙunshi-ƙunshi, kowanne bai cika wuce bayit 1,500 ba, a aika su ɗaya bayan ɗaya. Abubuwa uku ne ke iya samun ƙunshi a hanya: ya makara, ko ya iso a hargitse, wani da wuri wani a makare, ko ya ɓace gaba ɗaya. Kowane aiki da abin da yake iya jurewa. Mai kallon fim yana buƙatar faɗi, kamar megabit 5 don hoto mai kyau, amma bai damu da jinkirin daƙiƙa biyu ba, domin manhajar kan tara na gaba ta ajiye. Kiran murya kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na megabit ba, sai dai ba ya son jira ko kaɗan. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga mai magana zuwa mai sauraro ya wuce milisakan 150, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Ya wuce haka da yawa, sai mutum biyu su riƙa cin karo da juna a magana, kowa na cewa "kana ji na?"

Cinikin POS ma haka yake. Saƙon ƙarami ne, amma ba tafiya ɗaya yake yi ba. Sai na'urar ta yi sallama da babbar kwamfutar da ke can, su tabbatar da juna, ta aika buƙata, a tambayi banki, amsa ta dawo. Kowace tafiya tana da wa'adi. Idan banki ya cire kuɗin amma na'urar ta gaji da jira kafin amsar ta iso, sai a samu abin da ya sami hajiya: kuɗi ya fita, takarda ta ce bai shiga ba, a shiga jiran ribas. Wanda ya yi ciniki a watannin Fabrairu da Maris na 2023, lokacin da canjin kuɗi ya tura kowa ga tiransifa, ya san zafin wannan jira.

Me ya sa ƙarin faɗi bai wadatar ba

Amsar tambayar Alhaji tana da tarihi. A watan Oktoba na 1986, layin da ya haɗa ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, wurare biyu da tazararsu ba ta wuce yadi 400 ba, ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40 kacal. Ba waya ce ta tsinke ba. Layin ne ya cika, ƙunshi suka fara zubewa, kowace kwamfuta kuma da ta ga nata bai isa ba sai ta sake aikawa, cunkoso ya haifi cunkoso. Wani masani mai suna Van Jacobson ya bi diddigin abin, a 1988 ya fitar da maganin da intanet ke tafiya a kansa har yau: mai aikawa ya fara a hankali, ya riƙa ƙara gudu, da zarar ya ga ƙunshi ya ɓace ya rage gudunsa da rabi, sannan ya sake hawa.

Wannan ƙa'ida ta ceci intanet, amma a lura da abin da take nufi. Duk wata waya da ke ɗora bidiyo an gina ta ne ta yi ta ƙara gudu har sai ta cika layin. Ba ta da wata hanyar sanin iyakarsa sai ta buge shi. In layin megabit 2 ne za ta cika shi, in ka mayar da shi 4 za ta cika shi. Abin da ƙarin faɗi ke yi shi ne rage tsawon lokacin da cunkoson zai ɗauka. Amma a wurin da wayoyi goma da kyamarori ke turi, wannan na gamawa wancan ya fara, layin ba ya samun sararin numfashi.

Sai kuma matsala ta biyu, wadda ta fi ɓoyuwa. Kowace rauta tana da ɗan rumbu inda ƙunshi ke jira idan layi ya cika. Da ƙwaƙwalwar na'ura ta yi arha, masu ƙera su suka riƙa faɗaɗa rumbun, da niyyar kada a zubar da komai. Niyyar mai kyau ce, sakamakon ne ya zo da akasi. Tunda ƙunshi ba ya zubewa, mai aikawa ba ya samun alamar da za ta sa ya rage gudu, sai ya yi ta turawa har rumbun ya cika maƙil. Mu yi lissafi: rumbu mai cin MB ɗaya, wato megabit 8, a bakin layin turawa mai megabit 2. Duk ƙunshin da ya zo ya tarar da shi a cike sai ya jira daƙiƙa 4. Saƙon POS mai tafiya biyar ko shida, kowace da daƙiƙa 4, ya isa ya sa na'urar ta haƙura. Wani injiniya, Jim Gettys, shi ya gano haka a gidansa a 2010, ya kuma raɗa wa cutar suna, wanda ma'anarsa ita ce kumburin rumbu.

Duk wanda ya taɓa bin layin famfo a unguwa ya san wannan hoto. Mai garuwa ya zo da kura cike da jarkoki, ya kafa ta farko. Yarinya ta zo da moɗa, ruwan da za a ba mara lafiya ya haɗiyi magani take nema. In aka ce sai an bi wanda ya riga zuwa, za ta tsaya har a cika jarka goma sha biyu. Amma a unguwanninmu ba haka ake yi ba. Mai garuwa da kansa ke janye jarkarsa ya ce, "Zo ki tara, 'yata." Bai yi asarar komai ba, domin moɗa ba ta cin lokaci. Wannan ladabi shi ne rauta ba ta da shi sai an koya mata.

An kuwa samo hanyar koya mata. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da wata dabara mai suna CoDel, wadda ke auna tsawon lokacin da ƙunshi ya yi a rumbu. Idan jiran ya zarce milisakan 5 ya kuma ɗore, sai ta zubar da ƙunshi ɗaya da gangan don mai aikawa ya ji ya rage. A shekarar aka haɗa ta da wata dabarar da ke ba kowane mai aikawa nasa sahun daban, a riƙa ɗiba daga kowane sahu bi da bi, a kuma fara da wanda kayansa kaɗan ne. Sunanta fq_codel, tana da ƙanwa mai suna CAKE. Suna cikin Linux, suna cikin sababbin manhajojin rautar MikroTik da ta cika ofisoshinmu. Sau da yawa abin yana nan cikin akwatin da aka riga aka saya, ba a kunna shi ba ne kawai.

Rabon ruwa

Adalcin bi da bi yana magance rabin matsala. Sauran rabin shi ne fifiko, kuma a nan ne aikin ke barin hannun injiniya ya koma hannun mai gida.

Manoman rani na Kadawa da Kura, da ke shan ruwan dam ɗin Tiga, sun san cewa ruwan da ke kwata ba ya raba kansa. In aka bar shi, na bakin kwata zai sha ya ƙoshi, na ƙarshe shukarsa ta bushe. Shi ya sa ake da ƙofofi da ranakun ban ruwa. Layin intanet na shago ma sai an yi masa ƙofofi, kafin nan kuma sai an san gonakin.

Na ɗauko takarda na ce, "Alhaji, cikin duk abin da ke amfani da layin nan, wanne ne in ya tsaya minti biyar za ka yi asara?"

Bai yi dogon tunani ba. "POS da tiransifa. Sai kwamfutar lissafi."

"Sai me?"

"Kiran da nake yi da masu turo mana kaya."

Na ce to bidiyon da yara ke turawa fa, mu mayar da shi can ƙarshe? Sai ya ɗaga hannu. "A'a, Malam, dakata. Wancan yaron da ka gani, kwastomomin Nijar da Kamaru yake tura wa samfurin sababbin zannuwa. Rabin cinikinmu daga wayarsa yake fitowa."

Da ni kaɗai na tsara, da na danne wannan waya na ɗauka wasa ake yi da ita. Rauta tana ganin girman kaya da inda za shi, ba ta ganin darajarsa. Wanda ya san darajar shi ne wanda ke biyan haya da albashi. Haka abin yake ko'ina. A asibiti, kwamfutar da ke fito da fayil ɗin mara lafiya da sakamakon gwaji ce gaba. A cibiyar jarrabawar kwamfuta, haɗin da ke tsakaninta da hukumar jarrabawa. A gidan rediyo, layin da ke ɗauko muryar wakili kai tsaye.

Muka kasa kayan shagon gida huɗu. Na farko, kuɗi da murya: su ne ke wucewa kafin kowa, amma da iyaka, don kada wata rana na'ura guda ta lalace ta mamaye layin da sunan fifiko. Na biyu, aikin ciniki, har da wayar mai tura samfuri: an ware musu kason da ba ya raguwa ko layi ya cika. Na uku, wayoyin sauran yara da baƙi, a kan wayfai na daban, a raba musu daidai wa daida. Na huɗu, abin da zai iya jira: ajiyar hotuna da sabunta manhaja. Kamfanin Microsoft kan fitar da gyare-gyaren Windows a Talata ta biyu ta kowane wata, don haka muka umarci kwamfutar ta riƙa saukewa bayan an tashi kasuwa. Kyamarori kuma aka sa su ajiye hotonsu mai kyau a na'urar da ke cikin shago, su tura mara nauyi zuwa wayar Alhaji.

Yadda rauta ke gane ɗan wane gida ne ƙunshi yana da sauƙi. Tana iya duba na'urar da ya fito, ko inda za shi, ko wata alama da ke goshinsa. Tun 1998 aka ware bit 6 a kan kowane ƙunshi don wannan, abin da ya ba da lambobi 64. Lamba 46, alal misali, ita aka saba liƙa wa murya, ma'anarta a wuce da wannan da gaggawa.

Akwai hanyoyi biyu na tsare iyaka. Ɗaya ita ce a zubar da duk abin da ya haura kaso nan take. Ɗayar ita ce a riƙe shi ɗan lokaci a sake shi a hankali, kamar yadda ake buɗe ƙofar kwata kaɗan-kaɗan. Ta biyun ta fi dacewa da abin da kake turawa daga wurinka. Sai kuma wata dabara da ke ba mutane mamaki: a saita rauta ta yi gudu ƙasa da ƙarfin layin kaɗan, kamar kashi 90 cikin 100. Dalili shi ne sahu yana taruwa ne a wuri mafi ƙunci. In wurin yana cikin na'urar kamfani, ba ka da iko da shi. In ka sadaukar da kashi goma, ƙuncin ya dawo cikin rautarka, kai ne za ka ce wa zai fara wucewa.

Ina ƙara jan hankali kan amana. Wanda aka ba rauta yana ganin abubuwa da yawa game da mutane. Aikin rabon layi bai buƙatar sanin abin da wani ya rubuta ko ya kalla, nauyin kaya da nau'insa sun isa. Kuma a gaya wa ma'aikata abin da aka tsara da dalilinsa. Yaron da aka toshe wa komai ba bayani, hanyar zagayawa zai nema. Wanda aka ba kasonsa aka kuma nuna masa cewa albashinsa ta cikin na'urar nan yake biyowa, shi zai fara tsawata wa ɗan'uwansa.

Inda ikonka ya ƙare

Duk wannan tsari a cikin gidanka yake aiki. Da ƙunshi ya fita babban titin intanet, kamfanoni da yawa ba sa kula lambar da ka liƙa masa, wasu ma gogewa suke yi. In cunkoson a eriyar unguwa yake, ko a kwamfutar banki, rautarka ba ta da abin yi. Kuma fifiko ba ya ƙirƙirar faɗin da babu.

Sai dai ranar da faɗi ya yi ƙaranci ita ce ranar da tsarin ya fi amfani. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta kulle Turai, aiki da karatu suka koma gida, kwamishinan Tarayyar Turai Thierry Breton ya nemi Netflix ya rage nauyin fina-finansa. Kamfanin ya rage da kusan kashi 25 cikin 100 na tsawon kwana 30, YouTube ma ya sauko da ingancin hotonsa. Rabon ruwa ne a matakin nahiya: nishaɗi ya ɗan matsa don aiki ya wuce.

Mu ma mun ga tamu. Ranar 14 ga Maris na 2024, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni daga Laberiya har Najeriya, harkar bankuna ta tangaɗa, gyara kuma ya ɗauki makonni. Darasin farko shi ne layi biyu daga kamfanoni biyu ba lallai ne su zama hanya biyu ba, domin suna iya haɗuwa a waya ɗaya a ƙasan teku. Mai neman layin ko-ta-kwana ya tambayi ta inda yake bi. Wasu sun koma ga tauraron ɗan'adam, musamman tun da Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Darasi na biyu shi ne layin ko-ta-kwana galibi ƙarami ne. In aka juya masa duk kayan shago zai durƙushe nan take. Wanda ya riga ya kasa kayansa gida-gida, gida na farko da na biyu kawai zai ɗora masa, sauran su jira. Tun ran gini ake zane.

Aikin shagon Kantin Kwari bai ci awa biyu ba, kuma ba a sayi ko da waya ɗaya sabuwa ba. Kafin in tafi muka gwada: yara uku suka fara tura bidiyo lokaci guda, aka sa kati a na'ura, takarda ta fito kafin mai katin ya mayar da walat aljihu. Alhaji ya karɓi takardar da muka rubuta gidaje huɗun a kanta, ya sa aka manna ta a bango kusa da rautar. Ya ce wa babban yaronsa duk ranar da aka kawo sabuwar na'ura shagon, kafin a ba ta lambar wayfai, a fara zuwa a tambaye shi gidan da za a sa ta.